Tunawa da Mahaifinmu, Baba Kafinta na Sabon Ibadan



Yau kwana arba'in da 'yan kai ke nan da rasuwar mahaifinmu, wanda mutanen Sabo da Mokola suka fi sani da Baba Kafinta. A madadin mahaifiyarmu da 'yan uwana maza da mata, ina miƙa godiya ga duk wanda ya tako ya zo jana'iza ko zaman makoki, da waɗanda suka bugo waya daga Agege, Shagamu, Abekuta, Ogbomosho, Ife da can gida Arewa. Allah Ya saka da alheri, Ya bar zumunci.

Dalilin wannan rubutu shi ne, a kwanakin ta'aziyya na lura kusan kowa ya zo da guntun labarinsa. Wannan ya ce Baba ne ya gyara masa ƙyauren shago, waccan ta ce shi ya hau ɗakinta da ruwa ya hana ta barci, wani ya ce allonsa na farko shi ya sassaƙa masa. Kowa gefe ɗaya ya sani. Mu da muka tashi a gabansa mun san yadda gefunan suka haɗu, mun kuma san abin da wannan alheri ya ci wa gidanmu. Ina so in faɗe shi duka, mai daɗi da mai nauyi, domin akwai aikin da ya bari wanda ya fi ƙarfin 'ya'yansa su kaɗai.

Baba ɗan gidan masassaƙa ne daga wani ƙauye a ƙasar Rano. Kakanmu turmi da taɓarya yake sassaƙawa da icen ƙirya, da akushi da ƙotar fartanya, saboda haka Baba da gizago a hannu ya yi wayo. Ya sauko Kurmi yana saurayi, bayan an gama Yaƙin Basasa a 1970. Jirgin ƙasa ya sauke shi a tashar Dugbe, lokacin ana kashe fam da sule, don sai a 1973 naira ta shigo. Kamar kowane baƙo, Sabo ya nufa. Tun 1916 aka ware wa Hausawa wannan unguwa, kuma goro da shanu su ne suka raya ta. Ya sauka a gidan wani fatoma, aka sa shi cikin masu ɗaurin huhun goro: a zaɓe, a jera ganye, a ɗaure da igiya, a loda wa mota ko jirgi zuwa Arewa.

Wata shekara iska ta yaye rufin ɗakin ajiyar goron, fatoma ya kira wani kafinta Bayarabe ɗan Ijebu. Aka ce Baba ya riƙa miƙa masa kaya. Mutumin ya lura da yadda yaron nan yake duba katako kafin ya miƙa, da yadda ya wasa masa ƙarfe ba tare da an sa shi ba. Da aka gama aiki, ya tambaye shi ko yana son koyo. Shekara huɗu Baba ya yi a shagon mutumin nan ba a biyan sa ko kwabo. Da safe yana shago, da dare yana ɗaurin goro don ya sami na abinci. A can ya iya Yarabanci har ana mantawa Bahaushe ne.

Ba kowa ya ga kyan abin ba. A Sabon wancan lokaci, mutuncin namiji a fatauci yake. Abokansa suna ce masa, ka baro gida, ka keto daji, don ka zo ka zama yaron shagon Bayarabe? Amsarsa ɗaya ce, kuma har ya tsufa yana maimaita mana ita: goro yana ruɓewa, kasuwarsa tana tashi tana faɗuwa, amma muddin Allah Yana saukar da ruwa a garin nan, ɗakin wani zai yi yoyo. Bayan an yaye shi, bai taɓa yanke zumunci da ogan nasa ba. Duk Babbar Salla sai ya ware cinya guda ya ba mu mu kai, kuma bayan tsohon ya mutu aka ci gaba da kai wa matarsa.

Wanda ya taɓa hawa dutsen Mokola ya hango gari ya san Ibadan garin tsohon kwano ne, ja da tsatsa har iya ganinka. Ruwa kuma yakan fara ne tun wajen watan Maris, da iska mai ƙarfi, ya kai har Oktoba. Don haka rufi shi ne babban aikin Baba, kuma yana da ilminsa. Yakan ce inda ruwa yake ɗiga a ɗaki ba nan ramin yake ba, ruwa yakan bi jikin katako ya yi tafiya kafin ya sauko. Shi ya sa ba ya hawa sama da farko. Sai rana ta take, ya shiga cikin silin ya zauna a duhu, duk inda ya ga tsinken haske ya ratso, ya sa alama. Ƙusar kwano a kan tudun kwanon ake buga ta, ba a cikin kwarin da ruwa yake bi ba. Yakan yanka tsohuwar robar taya ƙanana-ƙanana ya sa a ƙarƙashin kan kowace ƙusa. Kwano biyu sai sun hau juna da tudu ɗaya da rabi, in an yi ƙoron haka iska za ta tura ruwa ciki. Katako kuwa ba ya ɗora shi sai ya shafe shi da baƙin man mota saboda gara.

Sunan kafinta ne ya bi shi, amma aikin ya wuce nan. Famfon da yake zuba, kwaɗon da makullinsa ya ɓata, risho mai hayaƙi, keken ɗinki mai tsinka zare, ƙafar baro, kurar 'yan ga-ruwa, gadon ƙarfe, sakatar banɗaki, bencin makarantar Islamiyya, duk rumfarsa ake kawowa. Abu ɗaya ne ba ya taɓawa, wutar lantarki. Ko ƙwan fitila ne ya ƙi kamawa, sai ya tura ka wurin mai aikin. Yakan ce, abin da ban zauna na koya ba, ba zan gwada shi a gidan mutane ba.

A rumfarsa akwai gwangwanayen Bournvita da na madara jere a kan katako, kowanne da irin ƙusar da ke ciki. Yawancinsu tsofaffin ƙusoshi ne da aka ciro daga aikin da aka rushe. Aikinmu ne mu yara, in mun dawo daga makarantar allo, mu zauna mu miƙar da su da ƙaramar guduma a kan wani guntun ƙarfen dogo. Haka kuma guntayen katako: 'yan katako na Bodija da Sango sun san shi, sukan tara masa ragowar yanka ya je ya kwaso. Sai da na girma na gane lissafin. Da waɗannan ƙusoshi da guntaye yake yin aikin da ba ya karɓar kuɗi a kansa. Talaka ne shi ma, ba shi da abin da zai zaro daga aljihu, sai ya mayar da abin da wasu suka zubar ya zama jarin alherinsa.

Mutanen da yake wa aiki kashi uku ne. Akwai masu hali, 'yan canji da dillalan shanu da masu gidajen haya, waɗannan yakan faɗa musu kuɗinsa. Akwai masu ƙaramin ƙarfi, su yakan ce su kawo abin da ya sawwaƙa. Akwai kuma waɗanda ba a maganar kuɗi da su sam: masallaci, makarantar allo, gidan marayu, tsohuwar da ba ta da kowa, da makara. Abin da ya fi burge ni shi ne yadda yake ƙin karɓa ba tare da ya kunyata mutum ba. Na sha raka shi, in ga tsohuwa tana kwance bakin zane za ta ciro 'yan canjinta.

"Malam, nawa ne?"

"Iya, ajiye mini a wurinki. In na riƙe yanzu kashewa zan yi. Ranar da na matsu zan zo in karɓa."

Bai taɓa matsuwa ba. In kuwa magidanci ne wanda ya san zai ji nauyi a ce an yi masa kyauta a gaban iyalinsa, sai ya karɓi ɗan abin da bai kai kuɗin ƙusa ba, ya yi godiya da ƙarfi yadda matar gidan za ta ji, kamar an biya shi cif.

Yadda yake gane wa zai caja wa zai ƙyale, sana'ar ce ta koya masa. Mai gyara yana shiga inda baƙo ba ya shiga. Yana ganin ɗakin da katifarsa ta zama tsumma, yana ganin murhun da aka kwana biyu ba a hura ba. Ranar da ya fara tafiya da ni aiki, a bakin ƙofa ya tsayar da ni ya ce: "Kai, saurara. In an yi mana izini mun shiga, idonka a kan aiki. Abin da ka gani a ɗakin mutane, a nan za ka bar shi. Aikinmu rufi ne, na ɗaki da na asiri." Akwai gidajen da bayan mun dawo zai sa Inna ta auna mudun garin kwaki ko shinkafa, a ba ɗayanmu ya kai bayan magariba, a ce saƙo ne daga gida. Har ya koma ga Allah ban ji ya ambaci sunan ko ɗaya a cikinsu a wurin hira ba, ni ma ba zan ambata ba.

Manyan da ke wannan zaure za su tuna ambaliyar Ogunpa ta ƙarshen Agustan 1980, wadda Yarabawa suke kira Omiyale, wato ruwa ya shiga gida. Rayuka da yawa sun salwanta, gidaje sun rushe a bakin rafin. Gidan ogansa yana wajen Oke-Ado, ruwa ya cinye rabinsa. Inna ta ce Baba ya rufe rumfarsa ya tare a can, ya gama da gidan ogan ya shiga na maƙwabta, sai dare yake dawowa da taɓo har gwiwa. Lokacin tana da goyo, kuma da abin da take samu a ƙosai aka ci abinci har ya gama.

Na 1993 kuwa da idona na gani. Bayan an soke zaɓen 12 ga Yuni, tsoro ya shiga mutane, aka yi ta loda iyali a manyan motoci ana tafiya Arewa. Baba ya ce shi ba inda za shi. Duk wanda zai tafi sai ya biyo ta rumfa ya bar masa makullin ɗakinsa ko na shagonsa. Ya sami waya ya zura su, kowane makulli da guntun kwali an rubuta sunan mai shi da ajami, don Baba bai yi boko ba. Kullum bayan isha'i zai ɗauki tocila ya zaga ya taɓa kowane kwaɗo. Akwai ɗakin da ya tarar ruwa yana zuba a kan kaya, sai ya kwaso buhunan ya jibge a ɗakinmu, muka yi makonni muna kwana a takure a gefen kayan wani. Da ƙura ta lafa aka dawo, ba wanda ya ce ko cokali ya ɓata.

Sai rikicin kasuwar Sasa a watan Fabrairun 2021, inda aka rasa rayuka, aka ƙona shaguna da gidaje. Lokacin gwiwa ta riga ta hana shi hawa sama. Ya zauna a kan benci a rumfa yana nuna wa yaransa, suna haɗa teburan da masu tumatir da albasa da attaruhu za su sake kasa kaya. Wani ya zo ya ce masa, Baba, a tabbata namu kawai za a ba. Baba ya ɗago ya dube shi ya ce: "Wanda ya koya mini riƙe zarto Bayarabe ne. Duk wanda wuta ta ci teburinsa, in ya zo a ba shi." Haka aka yi.

Yanzu bari in zo ga ɓangaren da masu ta'aziyya ba su sani ba. Alheri irin wannan akwai masu biyan kuɗinsa, kuma mu ne, musamman mahaifiyarmu. Baba ya shekara fiye da hamsin a Ibadan bai mallaki gida ba, a ɗaki biyu na haya muka tashi mu bakwai. Sa'o'insa da suka tsaya a goro da canji sun gina gidaje, sun je Makka sun sake komawa, shi bai samu zuwa ba. An sha koro mu daga makaranta saboda kuɗin zango, a ranar da Baba ya wuni a kan rufin wani kyauta. Ƙyauren ɗakin girkin Inna ya yi shekara a jingine, mai gyaran ƙyauren unguwa bai sami sukunin sa masa ƙusa ba.

Wata rana da dare, bayan an koro yayata ana saura kwana kaɗan jarrabawa, Inna ta same shi. Ba ta ɗaga murya ba, amma ɗaki biyu ne, duk mun ji.

"Malam, ni ban hana ka neman lada ba. Amma yaran nan su ma amana ce a wuyanka. In ka rufa wa duniya asiri ka bar naka a buɗe, wa zai rufa mana?"

Ya yi shiru mai tsawo, sannan ya ce: "To me kike gani?"

Ta ce a raba yini. Daga safe zuwa la'asar aikin kuɗi ne, kuma ba shi zai yi ciniki ba, babban yaron shagonsa ne zai faɗi farashi ya karɓa, a kawo mata. Daga la'asar zuwa magariba, da ranar Juma'a, nasa ne, ya yi wa wanda ya ga dama. Baba ya amince, kuma ya riƙe wannan alkawari har ƙarshen ƙarfinsa, ko da yake wani lokaci la'asar ɗinsa takan yi saurin yi. Da wannan tsari, da ƙosai da kokon Inna, da adashin da take zubawa, muka yi karatu. Biyu a cikinmu sun gama babbar makaranta, yayata tela ce mai shagon kanta, kuma ba mai taɓa mata keke in ya lalace, ita take kwance abinta ta ɗaura. Ina faɗin wannan ne don duk wanda ya ci moriyar hannun Baba ya san akwai matar da ta tashi tun asuba tana suya don hannun nan ya samu sakewa. In za ku yi masa addu'a, ku haɗa da ita.

A matsayinsa na uba, ba mai yawan magana ba ne. Ban tuna ranar da ya zaunar da mu ya yi mana doguwar nasiha ba. A bakin aiki yake koyarwa. In ka yi gaggawar yanka, ya ce katakon da ka rage ba ya tsirowa. In ka ari kayan aikin wani, sai ka goge shi ka shafa mai kafin ka mayar. In ka yi aiki a inda ido ba ya kaiwa, bayan kabad ko cikin silin, nan zai fara dubawa, ya ce mai gida ba zai gani ba, amma ruwa zai gani, gara ma za ta gani. Duka ba ya cikin tarbiyyarsa, sai dai in ka yi laifi ya ƙara maka gwangwanin ƙusa. Tafin hannunsa kamar ɓawon itace yake don kanta, amma in ɗayanmu yana zazzaɓi, wannan hannun ne yake kwana a goshinsa.

Ciwon ajalinsa bai yi tsawo ba. Hawan jini ne da ya daɗe yana fama da shi, sai ƙafa ta kumbura, numfashi ya riƙa yi masa wuya. Mun yi kwanaki a wani asibiti a nan Ibadan. Ana jibi zai rasu, ya sa aka kira babban yaron shagonsa, ya ce ni kuma in ɗauko takarda. Na zaci wasiyyar dukiya ce. Sai ya fara lissafo ɗakuna: na tsohuwa wance a bayan masallaci, kwanon gabas ya ruɓe, na makaho wane, katakon tsakiya gara ta ci, makarantar allo ta lungu kaza, indararo ya karye. Ɗaki goma sha ɗaya ya lissafa. Ashe duk shekara kafin ruwan farko yakan zaga su ɗaya bayan ɗaya ba tare da an kira shi ba, da ƙafa ta gaza kuma yake tura yara. Da ya gama ya ce: "Ku shaida, duk wanda na yi wa aiki bai biya ba, na yafe. Kada a bi kowa."

A makarar da ya haɗa da hannunsa aka ɗauke shi. Kafin a yi masa salla, liman ya juyo ya ce: "Jama'a, duk mai bin wannan bawan Allah bashi ya yi magana, ga 'ya'yansa nan." Aka yi tsit. Sai wani dattijo daga sahun baya ya ce: "Allah gafarta Malam, mu dai shi yake bin mu." Na ji sahu ya ɗauki gunaguni, kowa yana cewa haka ne.

A kwanakin zaman makoki mutane suka riƙa zuwa da kuɗi, wai ajiyar Baba ce. Wata Bayarabiya mai sayar da barkono a kasuwar Mokola ta zo ta durƙusa gaban Inna, ta kwance bakin zane, ta ce kuɗin teburin da ya yi mata ne tun 'yarta tana goye, yanzu 'yar har ta yi aure. Inna ta ce mata ya riga ya yafe, kuɗin ba namu ba ne. Matar ta ce ita kuma ba za ta koma da su gida ba. Da abin ya yi yawa, muka yi shawara da liman, aka gaya wa kowa gaskiya cewa ba bashi a kansa, wanda ya ga zai bayar duk da haka to sadaka ce, kuma kwano za a saya da ita. Abin da aka tara ya sayi bandir biyu, suna nan jingine a rumfa.

Gadon da ya bari bai ɗauki malamai dogon lokaci ba: ɗaki ɗaya a ƙauye, 'yan tufafi, da akwatin kayan aiki. Mu magada, da yardar Inna, mun amince ba za a sayar da kayan aikin ba. Za su zauna a rumfa a hannun babban yaronsa, wanda ya shekara goma sha biyar tare da shi, a ci gaba da aiki da koyarwa, Allah Ya kai ladan kabarinsa.

A nan ne nake roƙon wannan ƙungiya tamu abu uku.

Na farko, ɗakunan nan goma sha ɗaya. Ruwa ya kusa, kuma masu ɗakunan ba su da wanda za su kira, wasunsu ma ba su san cewa duba rufin da ake yi musu duk shekara ba haƙƙin mai gidan haya ba ne. Kwano bandir biyu ba zai isa ba, ana bukatar katako da ƙusa, ana kuma bukatar hannu. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Matasa goma in suka ba da Lahadi biyu, an gama. Ba sai ka iya kafinta ba, miƙa kwano da riƙe tsani ma aiki ne. Sunayen masu ɗakunan ba za a sa su a nan ba, suna wurin liman da sakataren ƙungiya, don a rufa musu asiri yadda Baba ya saba.

Na biyu, yaranmu. Kowane mako tirela tana sauke samari daga Arewa, mafi yawansu acaba suke faɗawa, ko jari-bola, ko wankin takalmi. Ba a raina neman halal, amma mun ga abin da ya faru a Legas a watan Yunin 2022, da gwamnati ta hana acaba a wasu ƙananan hukumomi: dare ɗaya dubban 'yan uwanmu suka rasa abin yi, wasu har da baburan. Sana'ar da ke cikin hannunka ba mai kama ta a kan titi. Rumfar Baba za ta iya ɗaukar yara huɗu a lokaci guda. Abin da yake hana yaro zama koyo shi ne abinci, don mai koyo ba ya samun kuɗi a shekarar farko. In masu hali a cikinmu za su ɗauki nauyin abincin rana na yaro ɗaya ɗaya, to an buɗe ƙofa. Haka kuma sauran masu sana'a a cikinmu, teloli, makanikai, masu walda, kowa ya duba ko zai iya jan yaro ɗaya.

Na uku, ga masu hali da suke sa a yi musu aiki. Ku biya mai aikin hannu haƙƙinsa a kan lokaci, ba tare da ya yi ta sintiri a ƙofar gidanku ba. Na ga yadda Baba yake jin nauyin tambaya, na kuma ga waɗanda suka fake da wannan kunya tasa alhali suna da shi. Ya yafe musu, mu ma mun yafe. Amma a sani, kuɗin da mai hali ya biya da safe shi ne yake ba mai sana'a damar yi wa marar hali kyauta da yamma. In aka danne na farko, na biyun ma ya mutu.

Daga ƙarshe, duk da shirun da aka yi a wurin jana'iza, muna sake sanarwa: in akwai wanda yake bin Baba wani abu, kuɗi ko kayan aiki da ya ara, ko aikin da aka biya bai ƙarasa ba, don Allah ya same mu a gida ko ya gaya wa sakatare, za mu sauke masa. Wanda kuma ya taɓa saɓa wa, ɗan Adam ne, muna roƙon a yafe masa.

Allah Ya jiƙan Baba, Ya gafarta masa kurakuransa, Ya yalwata kabarinsa, Ya rufa masa asiri ranar tsayuwa kamar yadda ya rufa wa bayinSa. Allah Ya ba mahaifiyarmu haƙuri da lafiya da tsawon rai mai albarka. Allah Ya jiƙan iyayenmu da suka riga mu gidan gaskiya, na nan Kurmi da na gida, Ya zaunar da mu lafiya da maƙwabtanmu, in tamu ta zo Ya sa mu cika da imani. Amin summa amin.